Cutar Kumburin Jijiyar Gani da Laka: Bayani ga Jama'ar Yankwashi da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Akwai wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, amma idan ta kama mutum tana iya makantar da shi ko ta gurgunta shi cikin ƴan kwanaki. Likitoci suna kiranta niyuromayelaitis optika, a taƙaice NMO, wasu kuma suna kiranta cutar Devic, da sunan wani likita da ya yi bayaninta. A Hausance za a iya cewa cutar kumburin jijiyar gani da laka, domin waɗannan sassa biyu ne take fi kai wa hari.

An tanadi wannan bayani ne domin jama'ar Ƙaramar Hukumar Yankwashi da maƙwabtanta na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, musamman dagatai da masu unguwanni, limamai, kansiloli, malaman asibiti da ungozomomi, waɗanda su ne ake fara kai wa kuka idan lalura ta auku a ƙauye. Muhimmin abin da ake son a riƙe shi ne, a wannan cuta kwanaki ake ƙirgawa, ba makonni ba. Wanda aka kai asibiti a kwanakin farko yana da kyakkyawan zaton samun ganinsa da tafiyarsa, wanda kuwa aka yi jinkiri da shi, sau da yawa abin da ya rasa ba ya dawowa.

Yadda cutar take faruwa

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da garkuwa wadda take yaƙi da ƙwayoyin cuta. Daga cikin makaman wannan garkuwa akwai wasu sinadarai da suke yawo a cikin jini, kowanne da irin abokin gabar da aka yi shi dominsa. Idan ya gamu da shi sai ya manne masa, sauran sojojin jiki su gane shi su kashe shi. A wannan bayani za a kira su sinadaran kariya. Su ne suke tsare yaron da aka yi wa allurar rigakafin ƙyanda daga kamuwa da ita.

A jikin mai cutar NMO, garkuwar takan yi kuskure ta ƙera sinadarin kariyar da yake manne wa wani sashe na jikin mai shi. Misalinsa kamar ɗan sintirin da aka ɗauka domin gadin gari, dare ya yi ya ɗauki mai gida a matsayin ɓarawo. Sashen da ake kai wa wannan hari shi ne wasu ƙananan ƙofofin ruwa da ake kira akwaforin-4. Suna jikin wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, waɗanda aikinsu shi ne ciyar da jijiyoyi da daidaita ruwan da ke kewaye da su. Waɗannan ƙofofi sun fi yawa a jijiyar gani, da laka, da wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa wanda yake sarrafa amai da shaƙuwa. Wannan ne dalilin da ya sa alamomin cutar suke fitowa ta waɗannan wurare uku.

Da zarar sinadarin ya manne wa ƙofofin, sai ya tayar da wani rukuni na sinadaran jini waɗanda aikinsu huda jikin ƙwayar cuta, fararen ƙwayoyin jini kuma su yi cincirindo a wurin. Daga nan sai wurin ya kumbura, ƙwayoyin masu siffar tauraro su mutu, rigar da ke lulluɓe da jijiya ta saɓule kamar yadda roba take saɓulewa daga wayar lantarki, a ƙarshe ita kanta jijiyar ta lalace. Jijiyar gani ita take ɗaukar saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, laka kuwa, wadda take cikin ƙashin baya, ita take kai umarnin ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafuwa da mafitsara da hanji. Idan hanyar ta yanke, ido yana nan garau amma ba ya gani, ƙafa tana nan ba karaya amma ba ta motsi.

Ya kamata jama'a su sani cewa wannan cuta ba a ɗaukarta daga wani. Cin abinci tare da mai ita, ko kwana ɗaki ɗaya, ko zaman aure, duk ba sa yaɗa ta. Haka kuma ba cutar gado ba ce irin sikila, domin mafi yawan masu ita ba su da wani a danginsu da ya taɓa yin ta.

Tarihin gano cutar

A shekarar 1894 wani likita a birnin Liyon na ƙasar Faransa mai suna Eugène Devic, tare da ɗalibinsa Fernand Gault, suka yi bayanin majinyatan da makanta da shanyewar ƙafafu suka same su kusan lokaci guda. Fiye da shekara ɗari bayan haka, likitoci da yawa sun ci gaba da ɗaukarta a matsayin wani nau'i na wata cutar jijiya da ta fi yawa a ƙasashen Turawa, wadda ake kira MS.

A nan Nijeriya, marigayi Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, ƙwararren likitan jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, ya wallafa nazari a 1971 a kan cututtukan jijiyoyin da aka gani a asibitin daga 1957 zuwa 1969. A cikinsa ya ambaci majinyata 95 masu NMO, alhali masu MS guda 2 ne kacal. Wannan ya nuna tun da wuri cewa cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

A 2004 Farfesa Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo da ke Amurka suka gano sinadarin kariyar da yake haddasa cutar a jinin majinyata, a 2005 kuma suka tabbatar da cewa akwaforin-4 yake kai wa hari. Wannan ya raba ta da MS kwata-kwata, ya kuma ba da damar gano ta ta hanyar gwajin jini. A 2015 wani kwamitin ƙwararru na duniya ya fitar da ƙa'idojin tantance ta, waɗanda suka haɗa da majinyatan da ido kaɗai ko laka kaɗai cutar ta taɓa.

Akwai wata cuta ƴar'uwarta, wadda sinadarin kariyar yake kai wa rigar jijiya hari kai tsaye. Ana gane ta da gwajin da ake kira MOG, an kuma fitar da nata ƙa'idojin a 2023. Ta fi yawa a yara da matasa, maza da mata kusan daidai, kuma masu ita sun fi samun sauƙi bayan magani. Alamominta na farko da matakin gaggawa duk ɗaya ne da na NMO.

Waɗanda cutar ta fi kamawa

Cutar ta fi kama mata. A cikin waɗanda gwajin jini ya tabbatar suna da ita, kusan tara cikin goma mata ne. Yawanci takan fara ne a wajen shekara 30 zuwa 40, amma tana kama yara da tsofaffi. Watannin farko bayan haihuwa lokaci ne da take yawan tasowa, saboda haka mai jegon da ganinta ya dushe ko ƙafafunta suka yi nauyi ba a cewa gajiyar haihuwa ce ko zafin ruwan wanka.

Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa baƙar fata da mutanen gabashin Asiya sun fi Turawa kamuwa da ita. Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya samu kimanin mutum 10 a cikin kowane 100,000 a tsibirin Martinik, inda mafi yawan jama'a ƴan asalin Afirka ne. Ƙidayar 2006 ta ba Yankwashi mutum sama da 95,000. Idan aka ɗauki wancan ma'auni a matsayin misali, za a ga cewa masu cutar a ƙaramar hukuma ɗaya ƙalilan ne, har malamin asibiti yana iya shafe shekaru yana aiki bai gamu da ko ɗaya ba. Wannan ƙarancin shi ne haɗarinta, domin abin da ba a saba gani ba shi ake saurin ba wa wani suna.

Alamomin cutar

Alamomin sukan zo ne kwatsam, su tsananta cikin sa'o'i ko kwanaki. Sun kasu gida uku.

Na farko, na ido. Mutum zai ji ciwo a bayan ido, musamman idan ya juya ƙwayar idon. Sai gani ya dushe kamar hazo ya sauka, launuka su koɗe, jan abu ya koma kamar toka-toka, ko wani baƙin tabo ya tsaya a tsakiyar abin da ake kallo. Yana iya zama ido ɗaya ko duka biyu. Abin lura shi ne idon ba ya ja, ba ya kwantsa, ba ya nuna fari a tsakiya, wanda ya dube shi zai ce lafiyarsa ƙalau.

Na biyu, na laka. Ƙafafu su yi nauyi ko su mutu, wani lokaci har da hannuwa. Majinyaci zai ji kamar tururuwa na tafiya a jikinsa, ko ya daina jin taɓi daga ƙugu ko ƙirji zuwa ƙasa, ko ya ji kamar an ɗaure shi da ɗamara. Fitsari yakan riƙe ko ya riƙa zuba ba da sani ba, haka ma bayan gida. Wasu sukan ji kamar lantarki ya ja su a gadon baya idan sun sunkuyar da kai, wasu kuma gaɓoɓinsu su riƙa ƙandarewa da zafi na ƴan daƙiƙoƙi. Idan kumburin ya hau zuwa lakar wuya, numfashi yana iya gagara, wannan kuwa shi ne yake kawo ajali a cutar.

Na uku, shaƙuwa da amai. Shaƙuwar da ta wuce kwana biyu ba ta tsaya ba, ko tashin zuciya da aman da ba a gano dalilinsu ba kuma ba sa jin magani, suna iya zama alamar farko, makonni kafin ido ko ƙafa su taɓu. Da yawa daga irin waɗannan majinyata akan yi ta ba su maganin gyambon ciki ko na taifot. Duk wanda ya yi irin wannan shaƙuwa ko amai, daga baya ganinsa ko tafiyarsa ta canja, to a gaya wa likita duka biyun.

Cutar tana zuwa ne tana komawa. Idan ba a sha maganin kariya ba, kimanin rabin majinyata takan sake taso musu cikin shekara guda, kusan tara cikin goma kuma cikin shekara biyar. Kowace tasowa tana barin tabonta a kan na baya. Kafin a samu magungunan kariya, kusan rabin masu ita sukan rasa ganin aƙalla ido ɗaya ko su kasa tafiya da kansu cikin shekara biyar. Tsakanin tasowa da tasowa kuwa cutar ba ta ci gaba da ɓarna, wato duk wanda aka tsare daga tasowarta an tsare shi daga naƙasa.

Cututtukan da suke kama da ita

Ba duk makanta ko shanyewar ƙafa ce NMO ba. Yanar ido da hawan jinin ido, a mafi yawan lokuta, a hankali suke cin gani cikin watanni ko shekaru. Amosanin ido yana zuwa da ƙaiƙayi da kwantsa da juyewar gashin ido. Wasu magunguna, kamar ethambutol da ake bai wa masu tarin fuka, suna iya taɓa jijiyar gani, don haka a nuna wa likita duk maganin da ake sha.

Ta fuskar laka kuwa, tarin fuka yana iya cin ƙashin baya ya danne laka. Tsargiya, wadda ake ɗauka a kududdufai da madatsun ruwa da gonakin noman rani, ƙwayayenta kan iya maƙalewa a laka su kawo shanyewar ƙafafu. Ƙanjamau da tunjere da ƙari su ma suna iya yin haka. Shanyewar ɓarin jiki da hawan jini yake kawowa takan kama gefe ɗaya ne, hannu da ƙafa, sau da yawa tare da karkacewar baki.

Bambance waɗannan aikin likita ne, kuma yana da muhimmanci ƙwarai, domin maganin NMO yana rage ƙarfin garkuwar jiki, idan aka ba wa mai tarin fuka shi ba tare da maganin tarin ba sai ciwonsa ya ƙaru.

Dangane da yara, duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya saki kwatsam, wajibi ne a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, domin a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 a gwada shan inna. Wannan ƙa'ida ba ta faɗi ba duk da cewa a ranar 25 ga Agusta, 2020 an tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan inna daga nahiyar Afirka. Sai dai ɗaukar bayan gida ba magani ba ne, kada a zauna jiran sakamako, a wuce da yaron asibiti.

Yadda ake gano ta a asibiti

Likita zai fara da jin tarihin ciwon da duba ƙarfin gani, da yadda ƙwayar ido take amsa haske, da ƙarfin gaɓoɓi. Bayan haka akwai gwaje-gwaje uku. Na ɗaya, hoton MRI na laka da ƙwaƙwalwa da jijiyar gani. A wannan cuta kumburin laka yakan yi tsawo, ya kai tsawon gaɓoɓin ƙashin baya uku ko fiye. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna laka, saboda haka fitowarsa lafiya ba ta kore cutar ba. Na biyu, gwajin jini domin neman sinadarin kariyar da ke yaƙar akwaforin-4, wanda ake samu a jinin kimanin bakwai zuwa takwas cikin goma na majinyata, da kuma gwajin MOG. An fi son a ɗebi jinin kafin a fara magani, amma ba a jinkirta magani domin jiran sakamako. Na uku, ɗibar ruwan laka ta ƙasan baya domin kore sanƙarau da sauran cututtuka. Allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma ba ita take kawo gurguntaka ba kamar yadda wasu suke zato. Har ila yau akan gwada ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, tarin fuka da sukari.

Magani

Maganin kashi biyu ne, na kashe wutar da ta tashi da na hana ta sake tashi.

Idan cutar ta taso, akan kwantar da majinyaci a ba shi maganin kumburi mai ƙarfi da ake kira methylprednisolone ta jijiya, ga babba yawanci giram 1 kowace rana har kwana 3 zuwa 5, sa'an nan a ci gaba da ƙwayar prednisolone ana ragewa a hankali. Idan ciwon ya yi tsanani ko bai ji wannan ba, akan tace ruwan jini da na'ura, a cire ruwan da ke ɗauke da mugun sinadarin a mayar da wani, yawanci sau 5 zuwa 7. Amfanin waɗannan biyu ya fi yawa idan an fara su a kwanakin farko, yana kuma raguwa gwargwadon jinkiri.

Bayan an samu sauƙi sai a koma ga maganin kariya, wanda ake sha shekara da shekaru. Waɗanda aka daɗe ana amfani da su sun haɗa da ƙwayoyin azathioprine da mycophenolate, da kuma rituximab wanda ake ƙarawa ta jijiya kusan kowane wata shida. Azathioprine yakan ɗauki watanni kafin ya fara aiki sosai, shi ya sa ake haɗa shi da prednisolone da farko, ana kuma gwada jini da hanta lokaci-lokaci. Daga 2019 zuwa 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da sababbin magunguna huɗu da aka gwada musamman a kan wannan cuta, wato eculizumab, inebilizumab, satralizumab da ravulizumab. Suna aiki ƙwarai, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin kusan kowa. Wasu magungunan cutar MS, irin su interferon, suna ƙara tsananta NMO, wanda hakan ke ƙara nuna muhimmancin tantancewa.

Akwai gargaɗi huɗu game da magani:

1. Kada a daina maganin kariya don an ji sauƙi. Jin sauƙin alama ce ta cewa maganin yana aiki. Kuma yanke prednisolone rana ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da haɗari ga rai.

2. Kada a sayi prednisolone ko dexamethasone a kemis ko wurin masu tallar magani a kasuwa a sha da ka. Irin waɗannan ƙwayoyi, da wasu suke sha domin ƙiba suna kira sha ka fashe, suna kawo ciwon sukari, hawan jini, gyambon ciki da raunin ƙashi, suna kuma ɓoye ciwon da likita yake nema.

3. Macen da take son ɗaukar ciki ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauka. Mycophenolate yana illata ɗan tayi, amma akwai magungunan da ake iya musanya shi da su. Cutar ba ta hana aure ba, ba ta kuma hana haihuwa ba.

4. Mai shan waɗannan magunguna garkuwarsa ta ragu. Ya kwana cikin gidan sauro, ya gaggauta zuwa asibiti idan ya ji zazzaɓi ko tari, ya kuma tambayi likita kafin a yi masa allurar rigakafi kamar ta shawara. Haka nan ya nemi shawara a kan lokutan shan magani kafin azumin watan Ramadan.

Inda za a nufa

Matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, ko ɗakin shan magani na mazaɓa, ko babban asibiti kamar na Kazaure ko na Babura. Malamin asibitin da ya ga waɗannan alamomi ya rubuta takardar tura majinyaci a ranar, ya bayyana ranar da ciwon ya fara da magungunan da aka bayar, kada ya riƙe shi yana gwada maganin zazzaɓi ko ƙarin ruwa.

Tantance cutar yana buƙatar likitan jijiyoyi da likitan ido. Hanyar Daura zuwa Kano ta ratsa Yankwashi da Kazaure, don haka ga mutanen wannan yanki Kano ce mafi sauƙin zuwa, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake da ƙwararrun likitocin jijiyoyi. A cikin jiha akwai Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Domin duba ido akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Wanda ya fara zuwa asibitin ido ya tabbatar ya faɗi duk wata matsalar ƙafa, fitsari, shaƙuwa ko amai da ya taɓa yi, ko da ta wuce.

A tafi da duk takardun asibiti na baya da kwalayen magunguna, da wani ɗan'uwa da ya san yadda ciwon ya fara. Wanda numfashinsa ya fara sarƙewa, ko fitsarinsa ya riƙe yini guda, ba a jiran wayewar gari da shi.

Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti ba, ana iya yin su a gefen gadon majinyaci. Abin da yake cutarwa shi ne a ce aljanu ne ko sammu, a shafe makonni ana yawon neman magani gari-gari, sai jijiya ta riga ta mutu sa'an nan a nufi asibiti. Haka kuma a guji ɗiga ruwan tsirrai ko wani haɗi a ido, da yin ƙaho ko sakiya ko tsaga a baya da ƙafafu, domin ciwon yana can ciki inda waɗannan ba sa kaiwa, kuma fatar da ba ta jin zafi ba ta saurin warkewa.

Kula da majinyaci a gida

Wanda ƙafafunsa suka mutu a riƙa juya shi kowace sa'a biyu, a shimfiɗa masa abu mai laushi, a tsare fatarsa daga danshi, domin gyambon kwanciya yana kashewa fiye da yadda ake zato. Kada a kusantar da shi ga garwashi ko a gasa masa ƙafa da ruwan zafi a lokacin hunturu, domin zai ƙone bai sani ba. A riƙa miƙe masa gaɓoɓi ana lanƙwasawa kullum kamar yadda ma'aikatan gashin ƙashi suka koyar. Idan an sa masa robar fitsari a kula da tsaftarta, a canja ta a kan lokaci, a ba shi ruwa isasshe da ganye da kayan marmari saboda bushewar ciki.

Zafin bazara, zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara suna iya dawo da tsofaffin alamomi na ɗan lokaci ba tare da cutar ta taso ba. Amma duk sabuwar alama, ko tsohuwar da ta tsananta har ta wuce kwana ɗaya, a ɗauke ta a matsayin tasowa, a koma asibiti nan take.

Wanda ganinsa ya ragu a bar kayan ɗakinsa a inda ya saba, a rufe rijiya da ramuka, a koya masa amfani da sanda. Samun sauƙi yakan ɗauki watanni, sai an yi haƙuri. Tun da mata ne cutar ta fi kamawa, kuma a shekarun da suke tsakiyar renon ƴaƴa, ana kira ga mazaje da su tsaya tsayin daka wajen jinya da sayen magani, kada a mayar da mace gidan iyayenta a bar su da ɗawainiya.

Nauyin da ke kan shugabanni da jami'ai

1. Dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'arsu alamomi uku na gaggawa: dushewar gani kwatsam tare da ciwon ido, mutuwar ƙafafu ko riƙewar fitsari, da shaƙuwa ko aman da ya ƙi tsayawa.

2. Kwamitocin raya mazaɓu su yi tanadin mota da asusun gaggawa tun kafin buƙata ta taso, musamman ga ƙauyukan da hanyarsu take yankewa da damina, domin neman kuɗin mota kaɗai yana iya cinye kwanakin da ake buƙata.

3. Limamai da malamai su riƙa tunatarwa cewa neman magani a asibiti ba ya cin karo da tawakkali.

4. Ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su riƙa tambayar masu jego game da ganinsu da ƙarfin ƙafafunsu.

5. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya ajiye sunayen waɗanda aka tabbatar suna da cutar, a riƙa bibiyar ko suna samun magani da zuwa ganin likita, a kuma taimaka musu wajen yin rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha.

6. Sashen walwalar jama'a ya sanar da waɗanda suka naƙasa haƙƙinsu. Dokar tarayya ta hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta tauye su a wajen aiki, karatu da kiwon lafiya. Yaron da ya rasa gani ko tafiya bai rasa basirarsa ba, kada a cire shi daga makaranta.

Kammalawa

Har yanzu ba a samu maganin da yake tumɓuke wannan cuta daga jiki ba, amma an samu wanda yake danne ta, har mai ita ya shafe shekaru yana noma, yana kasuwanci, yana riƙe da iyalinsa. Abin da ake buƙata daga jama'a abu biyu ne: a gaggauta kai majinyaci asibiti a ranar da alama ta bayyana, kuma wanda aka ɗora a kan maganin kariya kada ya yanke sai da izinin likita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya.